Ƙarar ƙafa a tsohuwar jif: a tsuke boljoyin, a sa ɗan Beljiyam, ko a sayi sabo?

BabanKhalifa_KT:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masana mota. Ina da 4Runner ƙirar 2001, 'yar Amurka, a nan Katsina na saye ta hannu na biyu. Tun farkon damina ƙafar gaba ta ɓangaren direba ke wata ƙara, ƙwas-ƙwas, musamman in na sauka daga kwalta na shiga layinmu a Sabuwar Unguwa. Kwanan nan kuma sitiyari ya fara nauyi, in na sha kwana ba ya dawowa da kanshi kamar da. Bakanikena ya ce boljoyin na ƙasa ne, wato gaɓar da ke haɗa ɓangaren taya da hannun ƙafar mota, ya ba ni zaɓi uku: ko ya tsuke mani wanda ke jiki, ko a nemo ɗan Beljiyam, ko a sayo sabo na kwali. Ranar Asabar zan kai iyali ɗaurin aure Daura. Wanne za ku ba ni shawara, kuma za ta iya kai mu mu dawo kafin a yi aikin?

Oga_Lawal_Gareji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar zaɓi, amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a. Kada ka ɗora iyali a motar nan sai an buɗe ƙafar. Ba ƙarar ce ta tayar mani da hankali ba, nauyin sitiyarin ne. Boljoyin in ya bushe yana cijewa, shi ya sa sitiyari ke ƙin dawowa, kuma daga cijewa sai ficewa. Tsukewa kuma ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Ɗan_Rafindadi:
Allah ya tsare. Amma Oga Lawal ai duk garejin garin nan ana tsuke boljoyin, kuma motoci na yawo.

Oga_Lawal_Gareji:
Suna yawo Malam, har ranar da suka daina. Bari in gaya maka abin da ake yi in an ce an tsuke. Boljoyin ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwanonshi, kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune cikin ƙugu, da wata roba mai tauri a tsakani da giris. In robar ta cinye sai ƙwallon ya samu fili yana wasa. Mai tsukewa zai ɗora shi kan ƙarfe ya bi bakin kwanon da guduma har ya matse, wani ma ya cusa guntun leda ko fata. Ƙara za ta ɗauke, ka biya ka tafi kana murna. Amma abin da ya cinye bai dawo ba, ga shi kuma an raunata bakin da ke riƙe da ƙwallon. An kashe maka ƙarar da ke yi maka gargaɗi ne kawai.

Direban_Baure:
Ni ganau ne. Wata tsohuwar jif ta maigidana, an tsuke mata a wani gareji ba da saninmu ba, aka ce mana an gyara. Mun taso daga Katsina da rana, muna shiga Mashi na rage gudu zan karya in shiga gidan mai, sai na ji ɗas, gaban motar ya durƙusa. Da na fito, tayar ta kwanta ciki ta shige ƙarƙashin bodi, shaf ya zare, man birki na tsiyaya a kan kwalta. Tafiyar da nake yi ko mai keke zai iya wuce ni. Maigida ya daɗe tsaye yana salati, don minti kaɗan kafin nan muna kan ɗari da wani abu, ga yara uku a baya. Kuɗin janwe da shaf da tiyon birki da gyaran bodi ya ninka kuɗin sabon boljoyin sau da yawa.

Maman_Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara tsarewa.

Injiniya_Mani:
Abin da Direban Baure ya faɗa haka yake yawan faruwa, a ƙaramin gudu lokacin shan kwana, saboda a nan ne aka fi murɗa shi. Sai dai ba doka ba ce, yana iya ficewa a kan gudu in an faɗa rami.

Akwai abin da ya kamata mai 4Runner ta 1996 zuwa 2002 ya sani, da mai Prado ta waɗannan shekarun, don ƙafarsu ta gaba kusan ɗaya ce. A motocin nan sipirin da shokzoba a kan lowa-am, wato hannun ƙarfen ƙasa na ƙafar, suke zaune. Nauyin mota na danna lowa-am ƙasa, taya kuma na tura nata ɓangaren sama, boljoyin na tsakani ana jan shi ta fuska biyu. Wato ko motar na ajiye a gida, nauyinta ƙoƙarin zare ƙwallon yake daga kwanonshi. Shi ya sa in ya gaji ba ya yin dogon kuka. A Highlander ko RX300 kuwa nauyin ta shokzoba yake sauka, boljoyin riƙe taya a layi kawai yake, sai ya daɗe yana ƙara bai fita ba. Daga 2003 an canza tsarin ƙafar 4Runner ɗin.

Sannan a 2005 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci sama da 750,000 a Amurka, wato a maido su a gyara, kan boljoyin na ƙasa, har da 4Runner ta 2001 da 2002, da Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda an samu wasu da ƙwallonsu ya karce tun a masana'anta. A 2007 an sake kiran wasu Tundra da Sequoia. Ba su kaɗai ba, a 2006 an kira Jeep Liberty sama da 800,000 kan irin wannan, kafin nan a ƙarshen 2004 an kira Dodge Durango da Dakota kan boljoyin na sama. Alhaji, kana iya sa lambar shasi mai harafi da lamba 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motarka ba. Amma ko an canza mata a wancan lokacin, abin da aka sa shekara ashirin da suka wuce ai ya ci lokacinshi.

Alh_Sifiya_Katsina:
Injiniya mun ƙaru. To amma ni da nake sayar da kayan, zan faɗi gaskiyar kasuwa. Ɗan Beljiyam na kamfani ne, wanda ya zo a jikin mota. Sabon kwalin da ke cika shaguna kuwa, da yawa kwalin ne kawai mai kyau. Za ka ga tambarin Toyota, ko 555 ta Japan, an kwaikwayi komai har ledar ciki, ka ɗaura wata biyu robar ta tsage. Tsakanin jabu sabo da na kamfani tsoho, wallahi na kamfani zan ba ɗan'uwana.

Oga_Lawal_Gareji:
Alhaji, a kan sipirin ko ƙarfen lowa-am ko rim, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ƙarfe ne, ido na gani. Boljoyin fa? Ka san tafiyar da ya yi kafin a ciro shi? Motar da aka yanka a can ai ba sabuwa ba ce, sa'ar ta Baban Khalifa ce. Ka ciro tsoho ka sa tsoho.

Alh_Sifiya_Katsina:
Titinsu ba irin namu ba ne. Abin da ya yi shekara goma sha biyar a can bai sha wahalar shekara biyu a hanyar ƙauye ba. Kuma ana gwadawa da hannu. In ka riƙe sandar ka ji tana motsi da tauri, roba lafiya, ba tsatsa, zai yi aiki.

Injiniya_Mani:
Gwajin hannu na gane wanda ya mutu sarai, ba ya gane wanda ya kusa. Ƙarfin hannunka ina, nauyin motar da ta kusa tan biyu ina? Kuma maganar titinsu da sauƙi ba ko'ina ba. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinsu. Ku leƙa ƙarƙashin wasu 'yan Kwatano ku ga yadda noti ke ɓarewa kamar ba ƙarfe ba.

Wani abu kuma da mutanenmu ba sa lura: agogon 'yar Amurka mil yake ƙirgawa. In ka ga 200,000 a fuska, kilomita wajen 320,000 ke nan.

Maman_Ilham:
Don Allah ku bar ni in sa baki ko da ba 4Runner gare ni ba. Highlander ce tawa, 2006, da ita nake zuwa aiki hanyar Dutsin-Ma. Ta riƙa wata ƙara gurum-gurum a gargada, na kai wani wuri aka ce shokzoba ne duka biyu, aka canza, na biya kuɗi masu yawa, ina fitowa ƙarar na nan yadda take. Ƙanen maigidana ne ya kai ta wurin wani dattijo mai aikin ƙafa zalla. Ya sa yaro ya jijjiga motar, shi kuma ya kwanta ya kama wani siririn ƙarfe da hannu, ya ce Hajiya taɓa nan ki ji. Na ji yana bugawa a tafin hannuna. Linkej ne sunan siririn ƙarfen. Shi ne mafi araha a duk ƙafar. Don haka Baban Khalifa, ka tabbata ma boljoyin ɗin ne kafin ka kashe kuɗi. Mu mata an fi yi mana haka, don an san ba za mu leƙa ƙasa ba.

Oga_Lawal_Gareji:
Hajiya ki yi haƙuri, abin da aka yi maki ba daidai ba ne, kuma yana ɓata mana suna mu duka. Gwajin ba wuya gare shi ba, kowa ya tsaya a yi a gabanshi. A ɗaga taya, a kama sama da ƙasa a girgiza. In da wasa, ko boljoyin ne ko boris ɗin da taya ke juyawa a kanshi. Sai wani ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. A kama hagu da dama a girgiza, in da wasa wannan tairod ne, sandar da sitiyari ke juya taya da ita. Shokzoba kuma ka duba jikinshi ko ya jiƙe da mai, ka danna kusurwar mota ka saki, in ta ci gaba da rawa ya mutu.

Yaron_Oga_Mashi:
Oga da izininka in ƙara. A 4Runner in an sa jak a shasi taya na lilo, sipirin na ture lowa-am ya matse boljoyin, ba za a ga wasan ba ko ya lalace. Sai an sa jak ƙarƙashin lowa-am ɗin, sannan a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga, wani na kallo da tocila.

Oga_Lawal_Gareji:
Haka ne yaro, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya koya maka ya iya aiki.

Ɗan_Rafindadi:
To ni tambayata, me ke kashe su da wuri haka? Mahaifinmu ya yi shekaru da Peugeot 504 bai san wani boljoyin ba.

Kawu_Na_Daura:
Ya sani, bai faɗa maku ba ne kuna yara. Amma akwai gaskiya a maganarka. Mu da muka yi tuƙi a da, duk ƙarshen wata sai an kai mota an yi mata giris, manyan motoci da a-kori-kura duk da bakin giris a ƙafafunsu. Yanzu abin a rufe yake zuwa, rayuwarshi duka na ga 'yar robar da ta lulluɓe shi. Robar nan ta tsage, ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta biyo baya, rairayin ƙasarmu ya gauraya da giris ya riƙa goge ƙarfen. Ga masu wankin mota da ke fesa fetur ko gas a ƙarƙashi wai don ta yi ƙyalli, wannan ma cin roba yake.

Sai lodi. Jif ba tifa ba ce. Ina ganin mutane ranar kasuwar Mai'adua, buhu biyar na gero a baya, kilo 500 ke nan, ga mutum shida a ciki, a bi hanyar Zango ko Kwangwalam da ita bayanta na jan ƙasa. Daga baya a ce mota ba ta da ƙwari.

Direban_Baure:
Kawu ka manta masu faci. Sai su ɗura wa taya iska 50, alhali takardar da ke jikin ƙofar direba talatin da 'yan kai ta ce, wasu ma ƙasa da haka. Taya ta yi tauri, duk ramin da ka faɗa ƙafa ce ke sha kai tsaye.

Abu_Sadiq_Kaita:
Tunda an zo maganar taya, wai gaskiya ne taya na da ranar lalacewa? Wani ma'aikacin hanya ya taɓa nuna mani wasu lambobi.

Injiniya_Mani:
Ranar ƙira ce ke jiki. Lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kuma taya na tona asirin ƙafa. In gefen ciki kaɗai ke cinyewa, alaimen ya kauce ko wani abu na wasa. In cin ya yi tudu da kwari zagaye da taya, shokzoba ne.

BabanKhalifa_KT:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na koma na tsaya aka yi gwajin yadda Yaron Oga ya ce, jak ƙarƙashin lowa-am. Da aka ɗaga tayar da ƙarfe da idona na ga ƙwallon na ɗagowa yana komawa. Robar ta yage gaba ɗaya, abin da ke ciki ba giris ba ne, jar ƙasa ce ta daskare. Na ɓangaren mai zaman banza robarshi ta fara tsagewa amma bai wasa. Na ajiye motar a can, Daura za mu bi motar ƙanena. Yanzu saura inda zan samu na kirki, kuma ko lallai ne in canza duka biyun, don aljihu ya yi sanyi.

Maman_Ilham:
Alhamdu lillahi. Hankalina ya kwanta da ka fasa tafiya da ita.

Oga_Lawal_Gareji:
Duka biyun Alhaji. Tare suka tsufa, ramukan da wannan ya faɗa wancan ma ya faɗa. Kuma ka kula da abu uku lokacin ɗauri. Kusoshi huɗun da ke riƙe shi a sa sababbi, a ɗaure su daidai gwargwado, ba a hau sifana da ƙafa ba. Babban notin ƙasa a sa mashi fin ɗinshi, kada a lanƙwasa ƙusar kafinta a ce ya yi. In an gama a kai ta alaimen, don tairod a jikin boljoyin ɗin yake ɗaure a irin motarka.

Alh_Sifiya_Katsina:
Duka biyu na kamfani sabo dal, a wannan canjin? Tun da aka saki naira a 2023 kayan mota suka tashi ba su sauko ba. Oga Lawal kana magana kamar kowa ɗan kwangila ne. Mutumin da ke jiran albashi fa? Ni dai na ce ya sa sabo mai kyau a ɓangaren da ya mutu, ɗayan a canza mashi roba a cika giris, ya ja shi zuwa wani watan.

Injiniya_Mani:
Wannan ba laifi a matsayin rage zafi, in dai an gwada ba wasa ko kaɗan kuma ƙasa ba ta shiga ba. Amma ya sa wa kanshi rana, kada "wani watan" ya zama baɗi.

Oga_Lawal_Gareji:
Ni ban yarda ba. A Highlander zan yarda. A wannan ƙafar ba na sa hannuna.

Kawu_Na_Daura:
Baban Khalifa, in za ka aika Kano Ƙofar Ruwa, kada ka aiki yaro da baki. Ka ba shi lambar shasi da tsohon da aka ciro a leda, don na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kuma shekarun ma akwai bambanci. Ka nemi mai shagon da zai yarda ya rubuta maka rasit ya ce na kamfani ne, in ba haka ba a dawo mashi da kayanshi. Wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da ya sayar. Araha ba ta ado.

Abu_Sadiq_Kaita:
Ni kuma tawa Pathfinder ce ta 2002. Ba ta ƙara, amma in na kai tamanin zuwa ɗari a hanyar Kankia sai bayanta ya fara kaɗawa hagu da dama, in na saki totur ya ƙaru. Shi ma boljoyin ne?

Yaron_Oga_Mashi:
A'a Yallabai, wannan bushin ne na dogayen hannuwan da ke riƙe da gadar baya. Pathfinder ta 1996 zuwa 2004 an san ta da haka in robobin sun mutu. A canza su, kuma kada a gama ɗaure notin sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in aka ɗaure tana sama sabon bushin murɗewa zai yi ya yage da wuri.

Abu_Sadiq_Kaita:
Bushin na roba ko wanda ake yankowa daga tsohuwar taya? An ce na taya ya fi daɗewa.

Direban_Baure:
Yana daɗewa, amma tauri gare shi, duk jijjigar sai ta koma kan ƙarfe da bayanka.

Alh_Sifiya_Katsina:
Wannan kam ka zo in ba ka hannun dungurungum ɗan Beljiyam da bushin ɗinshi na kamfani. Ko nan ma Oga Lawal zai ce a'a?

Oga_Lawal_Gareji:
Nan sai na duba robar da idona tukuna, in ba tsaga zan ɗaura. Na Baban Khalifa ne dai ban sauka ba. Alhaji, in kayan sun iso ka ɗauki hoton kwalin da na ƙarfen, gaba da baya, ka turo nan kafin a ɗaura.

BabanKhalifa_KT:
In sha Allahu zan turo. Alhaji Sifiya, kai ma ka turo mani kuɗin naka ta akwatin saƙo, sabon da ka yarda da shi da kuma ɗan Beljiyam ɗin, in kwatanta da na Kano.